Fankar lagireto ta ƙi tashi: a bi waya kafin a sayi kaya

Idan allurar zafi tana hawa a cikin cunkoso, amma da an hau titi an miƙe sai ta sauko, fanka ce abin tuhuma. A kan gudu iska na ratsa lagireto da kanta. A tsaye kuwa fanka kaɗai ke jawo ta.

Kafin a taɓa waya, a bar inji ya huce a duba ruwa. In ya yi ƙasa, sensar zafi ba ta nutse ba, don haka ba za ta ji zafin gaskiya ba. Sai a tada mota a kunna esi. A yawancin motoci fanka na tashi da zarar kwamfiresa ta kama. In ta tashi, moton fanka na da rai, sai a koma ɓangaren sensa.

In ba ta motsa ba, a fara da fis, galibi mai amfiya 30 zuwa 40. A sa fitilar gwaji a ƙafafunsa biyu, ido kaɗai bai isa ba. Wanda aka canza ya sake ƙonewa yana nuna moto ya cije yana jan wuta fiye da kima, ko waya ta goge tana taɓa bodi. Ɗaura zaren waya a gurbinsa neman gobara ne.

Daga nan a cire soket ɗin fanka, a ba moton wuta daga batir da waya mai kauri mai ɗauke da fis. Idan sai an ɗan ƙwanƙwasa masa sukundireba yake juyawa, kabon, wato gawayin da ke kai wuta cikin moton, ya cinye. Amma a kula, fanka mai akwatin sarrafawa a jikinta tana da siririyar wayar umarni, kuma kai wa wannan wutar batir na iya kashe akwatin.

Rile, wato makunnin da ke sakar wa fanka wuta, na da ƙafa masu lamba 85 da 86 na koyil, naɗaɗɗiyar wayar da ke jan makunnin, da 30 da 87 masu ɗaukar nauyi. Koyil mai lafiya kan nuna om 60 zuwa 100 a mita. Jin ƙas ɗinsa ba shaida ba ce, domin bakinsa na ciki kan ƙone. Hanya mafi sauƙi ita ce musanya shi da na ham, in lambarsu ɗaya.

Inda aka fi ɓata kuɗi shi ne as, wato wayar da ke mayar da wuta ta bodi zuwa batir. Fitilar gwaji na kamawa ko da zare ɗaya ya rage a waya, mita ma za ta nuna bolt 12, amma moto mai jan amfiya 10 zuwa 20 ba zai samu abin da yake so ba. Dole a auna yayin da fankar ke kan aiki. Tsakanin ƙafar batir mara wuta da wayar as ta fanka, kada asarar wuta ta wuce bolt 0.2 ko kusa da haka. A ɓangaren wuta kada ta wuce 0.5. In ta wuce, a kwance noti a kankare tsatsa har ƙarfe ya yi ƙyalli, a kuma leƙa cikin soket. Robar da ta narke ko ƙafar da ta yi kore kan zama ita ce mai laifi, ba lallai moton ba.

Sensa kuma tana nuna om 2,000 zuwa 3,000 a digiri 20, ta sauka zuwa wajen 300 a digiri 80. A motoci da dama masu ƙwaƙwalwa, cire soket ɗinta na sa fanka ta tashi nan take. Golf 3 kuwa makunnin zafi gare ta a jikin lagireto, haɗa wayoyinsa ne gwajin. A Peugeot 406 mai fanka ɗaya, in fanka ba ta tashi sai da ƙarfi bayan allura ta riga ta hau, a duba rizistan ƙaramin gudu, wato abin da ke rage wa fanka wuta don ta juya a hankali.

Maganar a yi wa fanka dairek, wato a haɗa ta kai tsaye ta riƙa juyawa ba tsayawa, wadda masu wayarin da yawa ke saurin kawowa, ban yarda da ita ba. Tana cinye kabon, tana wahalar da batir da caja, in kuma an cire tamostat inji ba ya kai zafin aikinsa, sai shan mai ya ƙaru. In an canza moto, a riƙe takarda a gaban lagireto: ya kamata ta manne. In iska ta ture ta, an juya wayoyin.