Ƙarfen da ya ruɗe ni yau

Talata, bayan isha'i.

Tun safe nake kan samfura biyu da muka yanko daga bakin ƙafar jirgin ƙasa, irin ta jiragen dakon kaya masu nauyi. Ƙarfensu ɗaya, narki ɗaya. Bambancinsu guda ne: bayan an sake gasa su don sassauta tauri, ɗaya an sanyaya shi nan take, ɗayan kuwa ni na bar shi ya kwana a tanderu, ya huce a hankali.

Na auna taurinsu, kusan daidai. Har na fara rubuta "lafiya lau" Oga ya leƙo.

"Ka sa su a Charpy tukuna."

Charpy gwaji ne da ake dukan ƙarfe da guduma don a ga yadda yake jure bugu. Samfurin ɗan sanda ne, tsawonsa milimita 55, da tsaga mai zurfin milimita 2 a tsakiya. Na saki gudumar mai lilo. Na farko ya lanƙwashe kafin ya yage, fuskar karayar dishi-dishi. Na biyu kuwa, ƙas! Gudumar ta wuce abinta kamar ba ta taɓa komai ba. Da na ɗauko gutsuren sai ƙyalli yake kamar ƙwayoyin gishiri. Ashe kallon kitse nake wa rogo.

Oga bai yi faɗa ba, zana mini abin ya yi a bayan takarda. Tsakanin digiri 375 zuwa 575 a ma'aunin Celsius ne ramin yake. In ƙarfe ya daɗe a nan, fosfaras da kuza da antimoni, waɗanda ba su taka kara sun karya ba wajen yawa, sai su lallaɓa su taru a iyakokin ƙwayoyinsa. Manganis da nikel da kiromiyam, da aka zuba don ƙara ƙarfi, su ke ba su hannu. Tauri na nan, amma gautsi ya shiga, kuma sanyi ke fallasa shi. Ɗan molibdenam kaɗan na rage ɓarnar.

Abin da ya tsaya mini a rai: ƙafa mai kauri ai cikinta ba ya hucewa da wuri, ga tan 30 ko fiye a kan gatari ɗaya.

Akwai sauran gutsure. Gobe zan kai shi sama da digiri 600, in tsoma a ruwa. Oga ya ce gautsin zai tafi. Sai na gani da idona.