Takardar Ajiye Aiki: Abin da Fayilolin Ma'aikata Suka Koya Min

Duk wanda ya daɗe a ofishin kula da ma'aikata yana gane irin takardar tun kafin ya karanta ta. Shafi biyu ko uku ce, da gani an buga ta ne da tsakar dare rai a ɓace. An jero laifukan oga tun daga ranar da ya tsinka mutum a gaban ƙananan ma'aikata har zuwa ƙarin girman da aka danne shekara da shekaru, sannan a can ƙasa a rufe da cewa an ajiye aiki daga yau. Yawancin abin da ke cikin irin wannan takarda gaskiya ne, kuma shi ne abin da ke ci min rai. An zalunci mai ita, amma da hannunsa ya miƙa wa azzalumin wuƙa da nama.

Takardar takan fara faɗawa hannun shugaban sashe, tunda ta hannunsa ake bi. Shi kuwa da ya ga sunansa a kowane sakin layi, sai ya jefa ta a durowa ya kulle. Mai takarda ya koma gida zuciyarsa ta yi sanyi, a ganinsa ya gama da su. Bayan mako biyu ko uku sai takardar tuhuma ta fito: wane bai zo aiki ba tun ranar kaza, babu izini, babu bayani. A aikin gwamnati ƙaurace wa aiki ba da izini ba babban laifi ne, hukuncinsa yana iya kaiwa ga kora, korarre kuwa yakan yi asarar haƙƙoƙinsa. Mutumin da ya fita da ƙafarsa sai fayil ya nuna korarsa aka yi. Idan ya dawo yana rantsuwa cewa ya miƙa takarda, tambaya ɗaya ake yi masa: ina shaidarka? Ba shi da ko ƙyalle.

Shi ya sa nake ɗora kwafin da aka buga wa hatimi sama da komai, har sama da abin da aka rubuta a ciki. Ka buga kwafi uku, ka sa wa kowanne hannu. Ka kai rajistiri ko wurin sakataren da ke karɓar wasiƙu, ka tsaya a gabansa har ya buga hatimin karɓa a kan naka kwafin, ya rubuta kwanan wata, ya sa hannu, ya kuma shigar da ita a littafin wasiƙun da suka shigo. Kada ka yarda da "bar ta nan, ka dawo gobe ka karɓa". Idan ƙa'idar wurin ta ce sai ta bi ta hannun shugaban sashe, to ta bi, amma ka kai kwafi ɗaya kai tsaye ofishin kula da ma'aikata a ranar. A makarantar kuɗi ko ƙaramin kamfanin da ba shi da rajistiri, ka ɗauki hoton takardar ka tura ta imel, kuma daga imel ɗinka na kanka, domin na ofis ana iya rufe shi kafin ka kai bakin get. Idan aka ƙi karɓa ƙiri-ƙiri, ka aika ta gidan waya da rajista ko ta kamfanin kai saƙo, ka adana rasit. Kotunan Najeriya sun daɗe da tsayawa a kan cewa ajiye aiki yana tabbata ne da zarar takardar ta isa hannun mai wurin, ba sai ya amince ba. Don haka maganar "ban amince da murabus ɗinka ba" ba ta ɗaure kowa, matuƙar dai kana iya nuna ranar da takardar ta isa.

Sai kalmar nan ta "daga yau", wadda ke ci wa mutane albashin wata guda ba gaira ba dalili. Kafin ka rubuta komai, ka nemo takardar da aka ɗauke ka aiki da ita da littafin ƙa'idojin ma'aikata, ka duba notis ɗin da ka sa hannu a kai, wato wa'adin sanarwar da za ka bayar kafin ka bar aiki. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya yanka mafi ƙaranci: kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako 1 ga wanda ya wuce wata 3 amma bai kai shekara 2 ba, mako 2 daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, wata 1 ga wanda ya kai shekara 5 ko fiye. Notis na mako ɗaya zuwa sama dole ya kasance a rubuce, kuma ranar da aka miƙa shi ba ta shiga lissafi. Wato idan ka miƙa ranar 3 ga Maris da notis na wata ɗaya, ƙirge yana farawa ne daga 4, ranarka ta ƙarshe ita ce 3 ga Afrilu. Sai dai dokar ta fi shafar leburori da akawuna. Masu riƙe da muƙamin gudanarwa da ƙwararru, abin da ke cikin yarjejeniyarsu ne ke aiki a kansu, kuma a nan ne ake samun wata uku ga manyan ma'aikata.

Wanda wurin ya kai masa iya wuya har ba zai iya ƙara kwana ɗaya ba, yana da hanya: ya biya kuɗi a madadin notis, ya rubuta hakan a takardar, ya haɗa da shaidar biyan. A ƙarƙashin wannan sashe, tsurar albashi ake lissafawa, ban da alawus da kuɗin obataim. Na sha ganin akanta ya lissafa da komai da komai a kan ƙaramin ma'aikacin da bai san wannan ba, mutumin ya biya ya yi godiya. Wannan cuta ce, kuma tambaya ɗaya da an yi ta da ta hana.

Ita kanta takardar ba ta buƙatar wuce rabin shafi. Kwanan wata a sama, sai muƙamin wanda ake aika wa, ba sunansa ba, domin kujera ce ta ɗauke ka aiki. Sai cikakken sunanka, lambarka ta ma'aikaci da sashenka. Jimla ta farko ta ce kana ajiye muƙami kaza, ta biyu ta faɗi tsawon notis da ranar aikinka ta ƙarshe da lambobi, ta uku ta ce a shirye kake ka miƙa aiki ga wanda aka zaɓa, ta huɗu ta nemi a lissafa maka haƙƙoƙinka a kuma ba ka takardar shaidar aiki. Dalili ba wajibi ba ne. Godiya kuma layi ɗaya ta isa, kuma ban ga amfanin mutum ya yi ƙarya ya yabi wanda ya gasa masa aya a hannu ba. Ya gode wa ma'aikatar saboda damar da ya samu, hakan gaskiya ne, ya sa hannu.

Na san da ciwo a ce wa wanda aka wulaƙanta ya haɗiye maganarsa. Amma magana zarar bunu ce, ta rubuce kuwa ta fi, domin tana zama a fayil bayan ogan ya yi ritaya, bayan duk waɗanda suka san gaskiyar lamarin sun watse. Wata rana sabuwar ma'aikata za ta rubuto tana neman bayani a kanka, wanda zai buɗe fayil ɗin bai taɓa ganin fuskarka ba, abin da zai tarar shi ne shafi uku na zafin rai. Idan kuma ka ambaci sata ko neman mata ba tare da hujja a hannu ba, ka buɗe wa kanka ƙofar ƙarar ɓata suna. Koke yana da tasa takardar daban, wadda ake kai wa hukumar gudanarwa ko ƙungiyar ƙwadago, da ranaku da shaidu, kuma ta fi ƙarfi idan an shigar da ita tun mutum yana bakin aiki.

Wuri ɗaya ne nake ba da shawarar saɓanin haka. Idan tura ka aka yi har bango, aka riƙe albashinka watanni, aka ƙwace aikinka aka bar ka kana ɗumama kujera, ko aka kira ka ofis aka ce ka rubuta murabus ko a kore ka, to Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana iya ɗaukar wannan a matsayin kora ta bayan fage. Mai niyyar zuwa kotu kada ya rubuta cewa ya tafi ne don raɗin kansa, kada kuma ya cika takardar da yabo, domin lauyan ma'aikatar zai karanta ta a gaban alƙali. Ya ga lauya tukuna, kafin ya sa hannu a kan komai, ballantana takardar da aka riga aka buga aka tura masa gaba da biro a kai.

Sauran ba su da tsawo. Kada ka miƙa takarda a kan alkawarin baki na sabon aiki, sai takardar ɗauka ta shigo hannunka. Kada ka gaya wa abokan hira kafin hatimi ya hau. Ka san bashin da ke kanka na ƙungiyar gama kai da lamunin mota, da yarjejeniyar da ka sa wa hannu idan ma'aikata ce ta tura ka karatu, domin daga kuɗinka na ƙarshe za a fara yanka. Ka nemi bayanin asusunka na fansho ka duba ko ana zuba kashi 8 cikin 100 na albashi daga gare ka da kashi 10 daga wurin da kake wa aiki kamar yadda dokar fansho ta 2014 ta tanada. Watannin da ba a zuba ba, bin su ya fi sauƙi kana ciki. Asusun naka ne, yana bin ka duk inda ka koma, kuma wanda bai kai shekara 50 ba ya yi wata 4 bai samu wani aiki ba yana iya neman cire har kashi 25 cikin 100, amma za a nemi takardar da ke nuna ya bar aiki. Makulli, katin shaida, kwamfuta da fayilolin da ke hannunka, ka jera su a takardar miƙa aiki ɗaya bayan ɗaya, har da lambar jikin kwamfutar, wanda ya karɓa ya sa hannu a kwafi biyu, ka tafi da ɗaya gida.