Yadda muke sake wa babur ɗin kwalta tsari ya shiga daji

Sana'armu a wannan ƙaramin gareji ita ce mu karɓi babur da aka ƙera domin kwalta, mu sake masa tsari har ya iya shiga yashi da laka da duwatsu. Ba mu muka fara ta ba, domin tun a shekarun 1920 ake tseren daji da baburan titi a Ingila, kuma a shekarun 1950 da 1960 mahaya a hamadar Kalifoniya sun riƙa kwance kayan ado daga baburan Triumph don su rage musu nauyi.

Yawancin masu kawo mana aiki kamanni suke nema, wato taya mai kaushi da faffaɗan kai da salansa a sama, alhali ainihin aikin yana ƙafafu. Babur ɗin titi yakan zo da rim na zubi mai inci 17 gaba da baya, wanda idan ya daki dutse da ƙarfi yana iya tsagewa. Mukan sa masa rim mai wayoyi, inci 19 ko 21 a gaba, saboda babbar taya ta fi haye rami cikin sauƙi, wayoyin kuma suna shanye bugu. Shokazobar titi motsinta bai cika wuce milimita 130 ba, ta daji kuwa tana bukatar 200 ko fiye. Sai dai duk abin da aka taɓa sai ya taɓa wani. Idan aka ɗaga gaba kawai, kan babur ya yi nauyi a kwana. Idan aka tsawaita shokazobar baya, dole a sake auna sakin sarƙa, in ba haka ba za ta ɗaure ta ci haƙoran sufuroket, wato faifan ƙarfen da sarƙar ke hawa kansa. Har jak ɗin gefe ma sai an ƙara masa tsawo, kuma shi ne abin da sababbin hannu suka fi mantawa da shi.

Sauran aikin ba shi da wuya. Mukan ƙara girman sufuroket na baya domin babur ya sami ƙarfin hawa a ƙaramin gudu, mu ɗaura farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji, mu ɗaga madigadi kada laka ta cushe taya.

Abin da walda ba ta iya gyarawa shi ne nauyi. Babur mai silinda huɗu da ya haura kilo 200, ko me aka yi masa, ba zai zama na tseren daji ba, wanda nauyinsa yake wajen kilo 110. Shi ya sa na fi son masu silinda ɗaya ko biyu, irin su Yamaha SR400 da tsohuwar BMW R80. Kafin mu kwance ko da noti guda, nakan tambayi mai babur inda zai hau shi. Idan ya ce burji da gargada ne, mu kama aiki. Idan kuwa tsalle yake so, nakan ba shi shawara ya sayi wanda kamfani ya ƙera don haka, domin firam ɗin titi ba zai jure dira ba.