Farautar tsofaffin mujallu a bakin Naviglio Grande

Ranar Asabar da la'asar na sauka birnin Milan na Italiya. Ina fitowa daga babbar tashar jirgin ƙasa sai ga benen Pirelli a gabana, siriri kamar an feƙe gefensa da wuƙa. Gio Ponti ne ya zana shi, kuma dama sawun mutumin nan na biyo. Shi ya kafa Domus, mujallar zanen gine-gine da kayan ɗaki, a 1928, ni kuwa shekara shida ke nan ina tara tsofaffin fitowarta, musamman na shekarun 1950, lokacin da Italiya ke sabunta fasalin kujera da tebur da kayan ofis.

Kasuwar tsofaffin kaya ta Naviglio Grande, wata tsohuwar hanyar ruwa da aka haƙa a Milan, ba ta ci sai Lahadin ƙarshen wata. Da sassafe na isa, ana ta jera tebura a gaɓar ruwa hagu da dama. Fitilu, agoguna, tangaran, duk na wuce su. Wurin wani dattijo na ja birki, ya cika kwalaye huɗu da mujallu, na durƙusa na fara zarowa ɗaya bayan ɗaya, ƙanshin tsohuwar takarda yana dukan hancina.

Wanda ya daɗe a harkar nan ba bango yake fara kallo ba, lambobin shafi yake bi. Akwai masu sa reza su yanke shafukan talla, su sa a firam su sayar daban. Uku daga cikin waɗanda na zaɓa haka aka yi musu, kuma wallahi abin ya sosa mini rai, don a tallan nan ne ake ganin abin da kamfanoni irin su Cassina da Olivetti suke kai wa ofisoshin wancan zamani.

Abin da ya kawo ni shi ne duk wata takarda a kan Superleggera, kujerar da Ponti ya yi wa Cassina a 1957. Nauyinta kilo 1.7 kacal. Ƙafafunta masu kusurwa uku ne, an rage itacen har iyakar da zai iya ɗaukar mutum. Mahaifina kafinta ne, ya taɓa musa mini cewa kujera mai wannan rashin nauyi za ta yi ƙarko, na so in kai masa hoto mai kyau da zai ƙura wa mahaɗar ƙafar ido. Ban samu ba.

Dattijon ya ga na yi jugum, sai ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo mini Stile Industria guda biyu, mujallar da Alberto Rosselli ya fara a 1954 ta tsaya a 1963. Shafukansu cif, sai ɗan tabon danshi a gefe. Mun yi ciniki da yatsu, ya rage mini kaɗan. Yayyafi ya fara sauka, ya naɗe su da jarida, na tura su cikin rigar sanyi na nufi tashar Porta Genova da sauri.