Ciwon kan da na ɓoye a Kilimanjaro

A ƙauyenmu da ke gefen Birnin Kudu, tun muna kiwon awaki muke tsere a kan duwatsu ba takalmi. Shi ya sa da aka tura ni kwas na ma'aikatan lafiya a garin Moshi na Tanzaniya, abokan karatu suka ce a hau Kilimanjaro in an gama, ban yi wata-wata ba. A raina dutse ai dutse ne.

Birnin Kano bai kai mita 500 daga saman teku ba. Chappal Waddi na Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne, alhali ciwon hawan tsauni, wanda ƙarancin oksijin a sama ke kawowa, yakan soma ne daga wajen mita 2,500. Wato duk ƙasarmu da wuya ka samu inda za ka san shi. Kilimanjaro kuwa 5,895 ne, kuma a ƙololuwarsa numfashi ɗaya kusan rabin oksijin da ka saba samu a bakin teku yake kawo maka.

Ta hanyar Machame muka bi. Jagoranmu ba ya gajiya da cewa "pole pole", wato sannu-sannu, ni kuwa tafiyar hawainiyar nan ta ishe ni, kullum ina gaba. Ranar da ya kai mu Lava Tower, wajen mita 4,600, ya sake sauko da mu zangon Barranco muka kwana, har ƙorafi na yi masa. Ashe da gangan ne: a hau sama da rana, a kwana ƙasa da dare, jiki ya saba. A ƙa'ida, in an wuce mita 3,000 ba a so wurin kwana ya ƙaru da fiye da mita 500 a dare guda, kuma bayan kwana uku ko huɗu a huta yini ɗaya. Wasu sun fara shan Diamox, maganin rigakafin ciwon hawan tsauni, tun ana gobe tafiya, miligram 125 safe da yamma. Ni na ƙi, don an ce yana sa yawan fitsari da tsikarar yatsu.

Tun a zangon Shira, kafin mu kai Lava Tower, kaina ya fara sara. Abinci ya fita raina, zuciyata na tashi, barci sai rabi-rabi. Kowace yamma jagora yana tambayar kowa jikinsa, ni sai in haɗiye Panadol in ce lafiya lau. Namiji ba ya raki, balle wanda ake kira likita a garinsu. A Barafu, zangon ƙarshe kafin ƙololuwa, jagoran ya dube ni ya daɗe, sannan ya ja layi a ƙasa da sandarsa ya ce in bi, diddige na taɓa yatsu. Taku uku na yi na tangaɗe. Tangaɗi da ruɗewa alamar kumburin ƙwaƙwalwa ce, kamar yadda haki a zaune da tari mai kumfa ke nuna ruwa ya taru a huhu. Duka biyun suna kisa, kuma babban maganinsu sauka, ko da dare ne. Da fitilar goshi aka sauko da ni. Kafin mu ci mita 1,000 na ji kamar an kwance mini rawani mai ɗaure kai.

Ƙarfin jiki ba ya kare kowa daga wannan ciwo. Mai sikila kuwa, ba na ba shi shawarar ya kusanci irin wannan tsawo.

Makon da na dawo aiki, wani dattijo mai hawan jini ya shigo ɗakin shan magani. Na ce, "Baba, ya jikin?" Ya ce, "Lafiya lau, likita." Na ajiye biro, na ce ya ɗan taka zuwa bakin ƙofa ya dawo in gani, sannan na aika a kira mini ɗansa da ya kawo shi a babur.