Gwiwata da kujerar salla

Tun da na haura hamsin gwiwata ta dama ta fara yi mini gardama. Da safe sai ta sage, in na ɗan taka ta saki, zuwa la'asar kuma ta kumbura. Sujada ce ta fi ci mini rai. Sauka da sauƙi, tashin ne aiki, sai na dafa ƙasa da hannu biyu, wani lokacin har bango.

Likitan ƙashi ya duba hoton ya ce guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ne ya cinye, kuma ba ya komawa yadda yake. Ya ce ciwon ya fi kama mata, musamman bayan ɗaukewar al'ada, da masu jiki. Na ce, "Likita, to yanzu sai yaya?" Ya ce, "Hajiya, ki rage nauyi, ki riƙa ɗan tattaki kullum, ki ƙarfafa naman cinya, sannan ki bar tsugunno." Na yi shiru, don a tsugune muka yi rayuwar: gaban murhu, wanki, wanke-wanke, har banɗaki.

Ya ja mini kunne sosai kan ƙwayoyin ciwon jiki irin diclofenac da ibuprofen. Shan su kullum yana jawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda, yana ɗaga hawan jini. Wannan ya tsorata ni, domin na san mata sa'o'ina da ba sa kwanciya sai sun haɗiyi haɗin kemis, wani ma da dexamethasone a ciki. Fuska ta cika, a ce Hajiya ta murmure, alhali maganin ne ke kumbura ta. Don Allah 'yan'uwa, a je asibiti.

Ranar da 'yata ta ajiye mini kujerar roba kusa da darduma ta ce, "Umma, ki zauna mana, kina wahala," kuka na yi. Tun ina 'yar yarinya nake kai goshina ƙasa, nan nake kai damuwata duk lokacin da duniya ta yi zafi, yanzu a ce sai dai nuni da kai.

Malamarmu ta Islamiyya ce ta kwantar mini da hankali. Ta kawo hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari: yana fama da basir, Manzon Allah (SAW) ya ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Sahabi guda aka ba wannan rangwame, ni wace ce da zan ƙi karɓa? Yanzu ina kabbara a tsaye, in yi ruku'u, in zauna a lokacin sujada.

Har yau kewar tana taso mini, musamman da asuba, kuma na daina danne ta. In hawaye ya zo sai in bar shi ya zuba, in share, in ci gaba da lazimi.

Gidan ma ya sauya. An ɗora mini risho a kan tebur, wanki ya koma hannun yara, ni da maƙwabciyata muna zaga layi kafin rana ta yi zafi. A gidan suna ko gaisuwa ba na jin nauyin cewa a miƙo mini kujera. In kuwa biki a saman bene ne, sai in aika da gudummawata, in buga waya in yi musu Allah ya sanya alheri.