Sunan Da Na Aro A Jangare

Duk wanda ya ce muku labarin aljanu ya fi daɗin rubutu don ba mai kama ka da ƙarya, to bai taɓa sakin shafi ɗaya a gaban matan Hausawa ba. Na gaji da attajirin saurayi mai ɗaure fuska, na gaji da kishiya da uwar miji, shi ne na ce bari in koma inda ba wanda zai ce min "ai ba haka ake yi ba". Ashe can ne kowa yake da ta cewa, kowa da abin da ya gani da idonsa ko ya faru a kan yayarsa.

Yarinya ce, Hafsatu, a gidan kakarta cikin birni, irin tsohon gidan ƙasa mai soro da tsamiya a bayan ɗaki. Ba ta zuba wa kowa ruwan zafi da magariba ba, wannan an gaji da shi. Tilawa take yi a gindin tsamiyar bayan la'asar, shi kuma aljanin yana sauraro tun tana ƙarama, har ta kai ba ya iya nisa da muryar. Shafukan kyauta sun tafi lafiya lau. Mutane suka biya naira 500 suka shigo zauren masu biya a WhatsApp, har na fara lissafin canza waya. Duk wannan lokacin jarumina ba shi da suna. Ƙamshi ne kawai: Hafsatu ta shiga ɗaki ta tarar ya cika da turaren da ba wanda ya kunna. Masu karatu suna mutuwa a kan wannan ƙamshin, amma suka matsa min, "Anti, wai ya sunansa ne?"

Sai Ɗan Galadima ya faɗo min a rai.

Wanda ya tashi a unguwar da ake jin garaya da dare ya san shi ko da bai taɓa leƙa wasa ba. A wajen 'yan bori shi ne yarima, ɗan sarauta daga Jangare, birnin iskoki, kyakkyawa, mai son ado da turare, mai kyautar da ba ya waiwaye, ɗan caca, mai farin jini wajen mata. Ku gaya min marubuciyar soyayyar da za ta ga wannan ta kau da kai. An ɗinke min riga an goge, sakawa kawai ya rage. Na ɗauki sunan na liƙa wa aljanina, wanda tun farko na nuna Musulmi ne mai sallah mai son Alƙur'ani. Sannan na zauna na rubuta babin da gwaggon Hafsatu ta saɗaɗa da ita gidan bori ba da sanin kaka ba: masu garaya a zaune, mata na kaɗa buta, aka yi masa kiɗansa, ya hau goɗiyarsa, ya buɗe baki ya yi wa Hafsatu magana a karon farko da bakin wata tsohuwa. Har gobe ina nan a kan bakana, ban taɓa rubuta babi mai kyan wannan ba. Na sake shi da dare na kwanta ina murmushi.

Kafin in idar da sallar asuba wayar ta cika.

Kashin farko na san da zuwansu, ban dai zaci yawansu ba. "Anti, ki ji tsoron Allah." "Kuɗinmu muka biya a koya mana shirka?" Na fara kare kaina da cewa ai labari ne, sai wata ta rubuto abin da ya kashe min baki. Ta ce ba nuna bori ne laifina ba, littattafai da finafinai sun sha nunawa. Ta ce kin sa mun so mutumin nan, kin ce mana yana sallah, sannan kin kai mu inda ake kiransa da kiɗa ana yi masa yanka, kuma a nan kika ajiye mafi daɗin maganarsa. Wata kuma ta ce za ta kai ni Hukumar Tace Finafinai ta Kano. Ban ga takarda ba har yau, amma marubucin da ya san hukumar tana nan tun 2001, ya kuma tuna littattafan da aka cinna wa wuta a Kano a 2007, ba ya jin irin wannan maganar ya yi dariya.

Kashi na biyu su ne ban taɓa sakawa a lissafi ba. Na ɗauka masu alaƙa da bori ba sa karanta littafi a waya. Jikokinsu suna karantawa, suna kuma karanta musu. Wata ta haɗa ni da kakarta, tsohuwar da ta yi zamani a harkar kafin ta ajiye. Na gaishe ta, ta amsa ciki-ciki.

"'Yar nan, ke ce mai rubutun?"

"Ni ce, Iya."

"Wa ya ba ki shi da za ki riƙa kiransa dare da rana?"

Na ce suna ne kawai na ara. Ta yi wata dariya da ba ta da daɗin ji, ta ce a wajensu kira kira ne, ko da baki ko da alƙalami. Sannan ta shiga warware min babin zare-zare. Ba a shigo da baƙuwar yarinya a ranar farko a ajiye ta gaban iska haka kawai. Akwai girka, wato shigar da mutum bori, akwai kwanakinta, akwai masu riƙe da ita. Shi kuma wanda na ambata mai gida ne da matansa, ba ya zaman gindin tsamiya yana ramewa a kan 'yar mutum. Ta ce na ɗauki babban mutum na mai da shi ɗan makaranta mai ciwon so. Ga shi nan: masu sallah sun ce na ƙawata bori, masu bori sun ce na wulaƙanta shi, duk a kan suna ɗaya da ba wanda ya tilasta ni in ɗauka.

Na ukun saƙon murya ne, kuma shi ya hana ni barci. Wata mata tana kuka ta ce ƙanwarta na cikin karanta babin da dare ta yanke jiki ta faɗi, mutanenta sun tashi, ana ta fama. Ba ni da hurumin cewa ga abin da ya kayar da ita. Na roƙe ta su kai yarinyar asibiti a duba ta ko da ana yi mata ruƙiyya, don farfaɗiya da ciwon damuwa suna zuwa da irin wannan kamar. Yarinyar ta samu sauƙi, alhamdulillahi. Amma a zaurena aka yi, da rubutuna a hannunta.

Mutane suka fita da yawa. Wasu na mayar musu da kuɗinsu, wasu ko tambaya ba su yi ba. Na dakatar da littafin, na koma na bi duk inda sunan ya fito na cire, na jefar da babin da na fi so, na sake gina tsakiyar labarin. Wayar da na ce zan canza tana nan a hannuna.

A zaman sake rubutun ne na gane inda na baro hanya. Marubuciya a Amurka idan ta ɗauko mai shan jini ta mai da shi saurayi, ita ce mai doka. Ta ga dama rana ta ƙone shi, ta ga dama kada ta ƙone shi, ba wanda zai ce mata an taɓa cizon gwaggonsa. Mu ba haka muke ba. Mai karatunmu ta haddace Suratul Jinni, sura ta 72, tun tana Islamiyya. Ta san an halicce su daga harshen wuta kamar yadda ya zo a Suratur Rahman. Ta san suna ganinmu ta inda ba ma ganinsu. Akwai wurin da na sa jarumin ya gaya wa Hafsatu abin da zai faru da ita baɗi, wata yarinya da ba ta wuce aji shida ba ta turo min aya ta 14 a Suratu Saba'i: aljanun da suke yi wa Annabi Sulaimanu aiki ba su san ya rasu ba sai da gara ta cinye sandarsa, to ina naki ya samo gaibu? Gaskiyarta. Na goge. Wata ta tambaye ni me yake ci, don ta san hadisin ƙashi. Ba ki da 'yancin ƙirƙiro musu ɗabi'a yadda kika so. Abin da kike da iko a kansa shi ne wannan guda ɗayan naki, halinsa da zuciyarsa, shi ma a cikin iyakar da kowa ya sani.

Ba wai aljanu baƙi ne a adabinmu ba. Gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara ta cika da su. Amma waɗancan na ƙasashen nesa ne, matafiyi ya je ya gamu da su ya dawo yana ba da labari a dandali. Ba wanda za a kaɗa wa garaya ran Juma'a a bayan layinku. Wannan bambancin ne ban tsaya na auna ba. Haka nake ji game da maita yanzu. Ina ganin 'yan'uwa suna saka mayya a labari su ba ta ƙabila da sana'a da irin tsagen fuskarta, alhali a ƙauyukanmu har yau ana dukan tsohuwa a kan wannan zargin. Ni dai na ƙone, ba na zuwa kusa.

Abin da ya ba ni mamaki, iyakokin da suka ɗaure ni su suka ba ni labarin. Tambaya ɗaya ta buɗe komai. Wata ta ce idan Musulmi ne, me ya sa ruƙiyya take ƙona shi? Na kai wa wani malami da muke dangantaka ta wajen miji. Na ce, "Allah gafarta Malam, mai sallah ne fa." Ya ce, "Hajiya, mai sallah ba ya zalunci ne? Shiga jikin 'yar mutane ba da yardarta ba zalunci ne ko da sunan so aka yi." Nan na samu abin da babin bori bai ba ni ba duk da kyansa. Yana son ta, kuma kusantarsa ce ciwonta. Duk sanda ya matso sai ciwon kai, sai rama, sai manema su watse ba dalili. Kaka na dakan ganyen magarya, ana shafa man zaitun da habbatus sauda, shi kuma yana tsaye yana kallon abin da sonsa yake yi mata. Ba sai na nemo mugu daga waje ba.

Nan ma akwai nauyin da ban shirya masa ba. Mata suka fara biyo ni ta bayan fage, "Anti, wallahi labarina kika rubuta", wannan ta ce namijin dare, waccan ta ce jinnul ashiƙ aka ce mata, a taimaka da lambar malami. Ni marubuciya ce, ba ni da magani, haka nake gaya musu. Amma tun daga nan nake auna duk jimlar da zan sa a bakinsa, don na san akwai mai karantawa da ba a matsayin labari take ɗauka ba.

Sai ƙarshe. Rabin zauren sun kafe sai an ɗaura aure. Malamin ya karanto min abin da ake ruwaitowa daga Imamu Malik, cewa mutanen Yaman sun aiko suna tambayarsa a kan aljanin da ya zo neman auren 'yarsu, ya ce bai ga haramci ba amma yana ƙin a wayi gari mace ta ɗauki ciki a ce waye mijinki ta ce aljani ne, ɓarna ta yawaita. Wasu malaman sun hana gaba ɗaya, suna kafa hujja da ayar Suratun Nahli da ta ce an sanya muku matan aure daga jinsinku. Da a ce ban sha wuyar sunan nan ba, na san kaina, da na ɗaura auren na ce kowa ya yi ta kansa. Wannan karon na tsaya na tambayi labarin da kansa, wanda sonsa ke kashe ta, idan son gaskiya ne, me zai yi? Ya tafi. Kaka ta sa aka sare tsamiyar. An zage ni a kan wannan ma, wata ta ce na ci amanarta, amma zagin wanda ya yi kuka a kan jaruminki daban yake da na wanda ya ce kin taɓa masa addini. Na farkon ina karantawa ina jin daɗi.

A sabon rubutun bai da suna har shafin ƙarshe. Hafsatu "Mai Ƙamshi" take ce masa, kuma ba wanda ya sake tambaya. Yanzu duk sunan da zan ba halittar ɓoye sai na bi tsofaffi biyu ko uku na tabbatar ba mai amsa shi a wani gida, ba mai kiɗa, ba mai doki.

Tsohon rubutun kuwa ya riga ya fita. Wata daga cikin waɗanda suka karɓi kuɗinsu ta tattara shafukan ta watsa kyauta, da sunan da babin da komai. Daga baya wani ya karanta shi da murya ya ɗora a YouTube ba tare da ya nemi izinina ba, ya liƙa hoton wani mutum mai jajayen idanu. Na yi magana ya sauke, wani ya sake ɗorawa. Masu sauraron wancan sun ninka waɗanda suka karanta gyararren, kuma duk bayan 'yan makonni sai baƙuwar lamba ta shigo min da "Baiwar Allah, ki ji tsoron Allah", in sake zama in yi bayanin babin da na goge da hannuna.